Ko Awa Ɗaya Ba a Cikawa

Aikinsa korar tsuntsaye. Idan ya faɗa wa baƙo haka, sai baƙon ya yi dariya ya ce, "To, ban da wannan fa?" Babu wani ban da wannan. Filin jirgin saman ƙarami ne, titi ɗaya, hasumiya ɗaya, da zauren fasinjoji wanda bai fi ajin makaranta girma ba. Kafin jirgi ya sauka ko ya tashi, sai a kira shi ta oba-oba daga hasumiya, ya hau tsohuwar a-kori-kura mai jiniya a ka, ya bi titin daga wannan baki zuwa wancan yana tayar da balbelu da hankaki da shirwa. Inda jiniya ta gaza, sai ya fito da bindigar da ba ta da harsashi, sai ƙara. Tsuntsu guda in ya faɗa injin jirgi, ya isa ya sa gidaje da yawa kuka.

'Yan kwana-kwana, waɗanda ke wuni a inuwar motarsu suna jiran gobarar da ba ta zuwa, su suka sa masa Sarkin Tsuntsaye. A gida kuwa Shiru ake ce masa, don tun yana yaro maganarsa ba ta da yawa. Tun da matarsa ta rasu, mutum biyu kaɗai suka rage masu kiran sa da wannan suna: mahaifiyarsa, sai ƙanwarsa Auta in ranta ya ɓaci.

Inna tana zaune wurin ƙanwar tasa a wani gari. A mota, sai mutum ya fita da sassafe ya isa bayan rana ta faɗi, wannan ma in taya ba ta fashe ba, in ruwa bai hau gada ba. Shekara da shekaru yana zuwa sau ɗaya a shekara, babu wanda ya taɓa ganin laifinsa. Duk wanda ya tambaya, sai a ce ai da nisa, sai ya gyaɗa kai. Nisan nan ya rufa masa asiri ba tare da ya roƙa ba.

Ana nan sai wani kamfani ya sa ƙaramin jirgi mai farfela biyu tsakanin filinsu da filin garin Inna. Aka kuma ce duk ma'aikacin filin da ke son tafiya, in akwai kujerar da babu kowa, ya hau kyauta. Kujerun da babu kowa kuwa ba sa yankewa. Ƙanwarsa, don murna, ta shiga ɗakin Inna ta ce, "Inna, Yaya ya matso kusa! Yanzu ko awa ɗaya ba a cikawa."

Inna ta daɗe da fara mantuwa. Takan manta ta ci abinci, takan manta mijinta ya rasu, wata rana ma ta tambayi 'yarta ko wace ce ta ba ta izinin shiga kicin ɗinta. Amma wannan maganar ta awa ɗaya ta shige ta zauna daram, kamar ƙusa a katako.

Kullum da yamma, bayan jirgin ya tashi, yakan tsayar da mota a ƙarshen titi inda ciyawa ta fara, ya kira ta.

"Shiru, kai ne?"

"Ni ne, Inna. Ina wuni?"

"Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya kake, muryarka ta mai yunwa ce." Sai ta yi jim. "An ce ko awa ɗaya ba a cikawa."

"Haka ne, Inna."

"To me na yi maka?"

A nan kullum maganar ke tsayawa, shi yana kallon balbelun da ya kora ɗazu suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, ita tana numfashi a cikin waya.

Ba ƙiwuya ce ta hana shi zuwa ba. Zuwansa na ƙarshe, a mota, ya shiga ɗakinta da ƙurar hanya a jikinsa ya ce, "Inna, na iso." Ta ɗago ta dube shi, ta ga furfura, ta ga giɓin haƙori, ta ga wuyan da ya fara tattarewa. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ƙwalla ihu: "Wane ne wannan tsohon? Me ya sa yake magana da muryar ɗana? Ina ya kai mini ɗa?" A cikin kanta Shiru saurayi ne mai baƙin gashi. Ta wuni tana rawar jiki, ta ƙi ci ta ƙi sha, har ƙanwarsa ta same shi a tsakar gida tana hawaye ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ka tafi." Washegari da ya kira ta daga tasha, kalma ɗaya ya yi ta gane shi, har ta ba shi labarin wani mugun tsoho da ya shigo mata ɗaki.

Wannan ne abin da yake juyawa a ransa yana tuƙi a kan titin jirgi, safe da yamma. In ya je, ɓarawon murya ne. In bai je ba, ɗa ne mara imani. A waya tana da ɗa amma ba ya zuwa, a ido kuma wanda ya zo ba ɗanta ba ne. Ya rasa wanne ne ya fi zama zalunci. Wani lokaci kuma, in ya matsa wa kansa, sai ya ga akwai wata magana ta uku a ƙarƙashi: shi kansa ba ya son ya sake jin wannan ihun. Ya kasa rabe tausayin Inna da tausayin kansa, sun cakuɗe kamar gishiri a ruwa.

Wata safiya ƙanwarsa ta kira shi, ko gaisuwa ba ta gama ba.

"Shiru, Inna ta daina cin abinci."

Da ya ji ba ta ce Yaya ba, sai ya kashe mota.

"Tun jiya take lissafo laifuffukan da ta yi maka. Wai ta taɓa dukan ka a kan kofin da ba kai ka fasa ba. Wai ta ba ni ƙwai ta hana ka. Wasu ma ba a yi su ba, ƙirƙira take yi tana kuka. Ta ce ba za ta sa komai a baki ba sai ta san wanne ne ka riƙe."

"Ni ban riƙe komai ba."

"Na sani! Ita ce ba ta sani ba. Ni na ɓata da bakina, na yarda, amma kai za ka gyara. Ka zo. Kada ka ce kai ne. Zan ce mata baƙo ne daga filin jirgi, mura ta dishe masa murya, sai ka riƙa magana a raɗa. In ta tambaye ka, ka ce mata da nisa. Ka ce maganar awa ɗaya shirmen Auta ne. In ta ji daga bakin ma'aikaci za ta yarda."

"Auta, ban taɓa yi wa Inna ƙarya ba."

"To madalla. Gaskiyar taka ta cika mata ciki?"

Ya kashe wayar. Ya tafi inuwar motar kwana-kwana, ya roƙi babban direbansu, wani mai tumbi da ba ya rabuwa da asuwaki, ya riƙe masa aikin na wuni ɗaya.

"Kai! Sarki zai bar talakawansa?" in ji direban. "Jama'a ku zo ku ji, yau Sarkin Tsuntsaye zai tashi sama da kansa. Ka yi hankali fa, in shirwa ta gan ka a can za ta rama."

"Jiniyar tana maƙalewa, sai ka buga ta da hannu."

"Na ji, ranka ya daɗe. Je ka gaida tsohuwa. A da an ce zumunta a ƙafa take, yanzu ta koma fiffike. Wa ya rage da hujja?"

Wasa yake yi, amma maganar ta bi Shiru har cikin jirgi.

Bai taɓa hawa ba. Shekarunsa nawa yana share wa jirage hanya, bai san yadda cikinsu yake wari ba. Aka ba shi kujerar taga. Da jirgin ya ɗaga, sai ya hango a-kori-kurarsa a gefen titi kamar akwatin ashana, da wasu fararen ɗigo-ɗigo suna tashi a gabanta. Can ƙasa ga hanyar mota ta miƙe kamar zare. Ya gane gadar da ya taɓa wuni a bakinta yana jiran ruwa ya janye. Ya gane garin da motoci ke tsayawa fasinjoji su miƙe ƙafa, inda in ka kai ka san ka ci rabin tafiya. Kafin ya gama kallon garin, fiffike ya rufe shi. Wata ma'aikaciya ta miƙo masa shayi a kofin takarda. Yana cikin hura shi aka ce a ɗaura bel, za a sauka.

Ko ɗar bai ji ba. Kunya ce ta kama shi, ta ganin duk nisan da ya jingina da shi bai kai shan kofin shayi ba.

Filin da suka sauka kamar an kwafo nasu ne. A can ƙarshen titi akwai wata tsohuwar mota, da wani mutum a tsaye kusa da ita yana kallon ciyawa. Shiru ya ɗaga masa hannu ta taga. Mutumin bai gani ba.

Auta ta tare shi a bakin ƙofa, ta karɓi ledar lemon da ya saya a hanya, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ka rame, Yaya."

"Ke ma."

"Ka tuna fa. Raɗa. Kuma da nisa."

Ɗakin Inna yana nan yadda ya san shi: gado a jikin bango, kujerar roba, kwalaben magani a kan taga, rediyon da ba ya kama tasha. Inna ce kawai ta ragu. Tana zaune a bakin gado, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa, ga kwanon abinci a rufe a gefenta.

"Inna, ga baƙo," in ji Auta. "Daga filin jirgi yake. Mura yake yi, ba ya iya ɗaga murya."

Inna ta gyara mayafi, ta dube shi da irin kallon da ake yi wa mai karanta mita. Ba ta yi ihu ba. Ya ji ƙirjinsa ya saki, sai kuma wani abu ya soke shi, don bai san yana fatan ta gane shi ba sai da ba ta gane ba.

"Sannu da zuwa, malam. Zauna. Ke, ba ki kawo wa baƙo ruwa ba? Haka na koya miki?"

Ya zauna a kujerar roba. Don hannunsa ya sami abin yi, ya ɗauki lemo ɗaya ya fara ɓarewa.

"Filin jirgi," in ji Inna. "To ka san Shiru?"

"Na san shi," ya faɗa a raɗa.

"Ɗana ne. Yana nan kamar sanda, ko ya yi ƙiba?"

"Yana nan kamar sanda."

"Na sani. Ba ya ci. Ubansa ma haka yake, ka ce da iska suke rayuwa." Ta matso kaɗan, ta rage murya kamar mai tsoron a ji. "Malam, kai babba ne, ga furfura, ba za ka yi mini wasa ba. Garin nan nasa, da gaske ne kusa ne?"

Auta tana tsaye bayan Inna da kofin ruwa, tana girgiza masa kai, tana zaro ido. Kalma biyu ce kawai: da nisa. Ya buɗe baki, amma ɗanɗanon shayin jirgi yana nan a harshensa.

"Kusa ne," ya ce. "Yanzu na taso daga can."

Auta ta dire kofin a kan taga har ruwa ya fantsama. Inna ta koma da baya a hankali. Ta dubi tafin hannunta, ta juya shi, ta sake juyawa.

"To laifi na yi masa ke nan," ta ce, ba da kowa take ba. "Kofin nan ne. Na san ba shi ya fasa ba."

Shiru ya ci gaba da ɓare lemon da ya riga ya ɓaru. Ya faɗi gaskiya, ga ta nan a gabansa, ta sa tsohuwa ta ƙara ƙanƙancewa a bakin gado. Ya nemi daɗin da mai gaskiya ke ji, bai samu ba.

Can sai Inna ta ɗago.

"Jirgin nan, sama yake hawa sosai?"

"Sosai."

"Ya fi tankin ruwa?"

"Ya fi."

Sai wani abu ya motsa a fuskarta. Ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suka fara rawa. Dariya take yi.

"Tankin ruwa! Malam, ba ka san wannan ba. Yana yaro, ƙwallon 'yar nan ta faɗa kan tankin gidanmu, ta yi ta kuka, shi kuma ya hau ɗauko mata. Hawa ya hau lafiya. Da ya leƙo ƙasa, shi ke nan, ya rungume bututu ya ƙi motsi. Ba kuka, ba magana, ido kawai. Sai da ubansa ya aro tsani ya ɓamɓaro shi yatsa-yatsa. Wandon nan kuwa, ba sai na faɗa ba."

Ya tuna. Ya tuna zafin ƙarfen a kumatunsa, da Inna a ƙasa ta buɗe hannuwa tana cewa kada ya kalli ƙasa, ya kalle ta.

Ta kama hannun rigarsa. Rabon da ta taɓa shi, ya manta.

"Faɗa mini tsakaninka da Allah, ba zan gaya masa kai ka faɗa ba. Tsoron jirgin yake ji, ko? Shi ya sa ba ya zuwa?"

Ya san amsar. Ɗazun nan ya sauko daga cikinsa, ko gumi bai yi ba. In ya ce a'a, ta koma kan kofin da aka fasa. In ya ce e, ya yi mata ƙaryar da ya ƙi yi ɗazu, kuma wannan ta fi waccan, don ta haɗa shi da Allah. Ya kuma hango abin da zai biyo baya: uwar da ta yarda ɗanta yana tsoron sama ba za ta sake ce masa ya zo ba. Ya dubi kwanon da ke rufe. Ya dubi yatsun da ke riƙe da rigarsa.

"E," ya ce. "Tsoro yake ji."

"Na faɗa!" Inna ta tafa hannu. "Allah sarki, ɗan nan. Kunya ce ta hana shi gaya mini." Ta juya kan Auta. "Ke kuma kina nan kin bar ni ina zarginsa, alhali saboda ƙwallonki ya fara wannan tsoron. Mara kirki."

"Na tuba, Inna," in ji Auta, tana kallon bango.

Inna ta miƙa hannu ta ɗauki ɓarin lemo daga tafinsa ba tare da ta tambaya ba. Ta tsotse, ta ɗauki wani. Da ta gama ta ce a buɗe mata kwanon nan ta gani ko an iya girki yau.

Da zai tafi, ta ce, "Malam, ga saƙo. Ka ce masa in ji ni, ban yarda ya hau abin nan ba. Ko an ce masa na mutu, kada ya hau. Ya zauna a ƙasa inda Allah ya ajiye shi, waya ta ishe mu. Kai da ba ka tsoro, in ka sami hanya ka riƙa leƙo ni. Kana da hannun ɓare lemo."

A tsakar gida Auta ta tsaya tana goge ido da bayan hannu.

"Ka ga ba ka mutu ba."

"Tana ci?"

"Tana ci. Ka kwana mana, Yaya. Na gyara maka ɗaki."

Ya dubi ƙofar ɗakin Inna. "Me za ki ce mata in ta ga baƙo da safe?"

Ya bi jirgin yamma ya koma. Kafin rana ta faɗi yana cikin ɗakinsa, ya rataye riga a ƙusa, ƙanshin lemo bai bar yatsunsa ba.

Washegari da yamma, bayan jirgin ya tashi, ya tsayar da mota a ƙarshen titi ya kira ta.

"Shiru, kai ne? Ka ci abinci?"

"Na ci, Inna."

"Wani abokin aikinka ya zo jiya. Tsoho ne, mai ladabi, sai dai ba shi da murya. An tona maka asiri, malam matsoraci." Ta yi dariya har da tari. "Kada ka hau, ka ji ko? Na hana."

"To, Inna."

"Ka gode masa."

"Zan gode masa."

"Yaushe zai dawo?"

"Ranar hutunsa."

"Ka ce ya taho da lemon nan."

Ta ci gaba da ba shi labarin Auta da girkinta. Ya saurara, yana jiran inda maganar ta saba tsayawa, inda takan yi jim ta tambaye shi me ta yi masa. Ba ta tsaya ba. Ta yi masa addu'a, ta ce ya kula da kansa, ta miƙa wa Auta wayar ta kashe. Wata da watanni tambayar nan tana hana shi sukuni, yau da ba a yi ta ba ya zauna da wayar a hannu kamar wanda aka manta a tasha.

Oba-oba ta yi ƙara. Daga hasumiya aka ce akwai jirgin kaya yana tafe, kuma balbelu sun sake cika tsakiyar titi. Ya ajiye wayar a kujerar gefe, ya tayar da mota. Jiniyar ta maƙale, ya miƙa hannu ta taga ya buga ta.